Filin Masu Hoto: Daga Ina Launi Ke Shigowa Hoton Baƙi da Fari?

Wasiƙun wannan wata kusan duk sun taru wuri guda: launin da hoton baƙi da fari yake ɗauka bayan an wanke shi a ɗakin duhu, da yadda ruwan wankin yake juya shi. Mun zaɓi bakwai daga ciki. Duk awon da ke ƙasa na lita ɗaya ne, sai inda muka ce ba haka ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina mun buga fim guda a kan takarda daga kwali guda, Ilford Multigrade FB Warmtone. Na wanke nawa da maganin wanki na Dektol, shi kuma da wani haɗi da ya yi da kansa. Da suka bushe muka jera su, nawa baƙi ne sosai, nasa kuwa yana da ratsin ruwan ƙasa. Ba wanda ya sa rini a cikinmu. To daga ina launin ya fito? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga azurfar kanta ya fito. Abin da kake gani baƙi a hoto ƙwayoyin azurfa ne da suka maƙale cikin jelatin ɗin da aka shafe takardar da shi. Kafin wanki azurfar tana haɗe da buromaid ko kuloraid, ba ta nuna komai. Hasken inlaja, wato na'urar da ke haska hoton fim a kan takarda, yana yi wa wasu ƙwayoyin alamar da ido ba ya gani, dibelofa kuma, wato ruwan maganin da ke fito da hoton, ya bi waɗanda aka yi wa alamar ya mai da su tsantsar azurfa. Girman ƙwayar da ta fito, da siffarta, su ke yanke launi. Manya masu cukurkuɗaɗɗen zare suna shanye kowane irin haske daidai wa daida, sai ido ya ga baƙi ƙirin, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙanana ƙwarai sun fi shanye shuɗin haske, su maido da ja da rawaya, sai a ga ruwan ƙasa. In suka ƙara ƙanƙancewa hoton ya koma ja-ja, daga nan sai rawaya.

Saboda haka duk abin da ya sa wanki ya yi ƙarfi da sauri yana tura hoto wajen baƙi tsantsa, duk abin da ya rage masa gudu kuma yana tura shi wajen ruwan ƙasa. A cikin dibelofa abu huɗu ne ke wannan ja-in-ja. Akwai masu aikin kansu, wato Metol ko Phenidone tare da haidurokinon (i, shi ne dai wanda ake jin sunansa a man bilicin). Akwai sodiyom salfait, mai kare su daga iska don kada su mutu da wuri. Akwai sodiyom kabonet, mai zaburar da su. Sai fotasiyom buromaid ko benzotirayazol, waɗanda su ne birki: suna hana dibelofa taɓa ƙwayoyin da haske bai taɓa ba.

Haɗe-haɗe biyu na kamfanin Ilford sun isa misali. ID-62 yana da Phenidone giram 0.5, haidurokinon giram 12, salfait giram 50, kabonet giram 60, buromaid giram 2, da benzotirayazol giram 0.2, yana ba da baƙi tsantsa. ID-78 yana da Phenidone da haidurokinon da salfait iri ɗaya, kabonet giram 62, amma buromaid ɗinsa giram 4.5 ne, benzotirayazol kuma babu ko ɗigo. Yana ba da ruwan ƙasa. Ƙarin giram biyu da rabi na abu guda, da cire kashi ɗaya cikin biyar na giram na wani, kusan shi ke nan bambancin. Muna kyautata zaton haɗin abokinka daga wannan gidan yake. Tambaye shi nawa ya zuba buromaid.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni ɗaliba ce a sashen zane-zane. Ina son hotunan fuska su fito da ruwan ƙasa mai taushi irin na hotunan da, ba tare da na yi musu rini daga baya ba. Na ƙara wa dibelofa ruwa kamar yadda aka ce mini, amma hoton ya fito toka-toka kawai, ba wani launi. Ina kuskuren yake? — Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki faɗi takardar da kike amfani da ita ba, kuma muna zargin nan matsalar take. Takarda ce ke shata iyaka, dibelofa yana yawo ne a cikin iyakar. Takardar da shafenta buromaid ne ya fi yawa tana da manyan ƙwayoyi tun daga masana'anta, ko me kika yi mata ɗan motsi kaɗan za ta yi. Wadda aka haɗa kuloraid da buromaid ƙwayoyinta ƙanana ne, ita ce ke amsa kira. Cikin waɗanda ake samu yanzu akwai Ilford Multigrade Warmtone ta Ingila da Fomatone ta kamfanin Foma na ƙasar Cek. Fomatone ta fi saurin karkata. Akwai kuma wasu takardu masu rufin roba, musamman waɗanda aka yi domin injin wanki, da aka riga aka cusa musu sinadarin dibelofa cikin shafensu. Irin waɗannan da sun ji kabonet sai su wanke kansu da abin da ke jikinsu, ba ruwansu da dabararki.

Game da hotunan da kuwa, ki sani wani ɓangare na kyansu ya tafi tare da takardunsu. Portriga da Record Rapid na Agfa suna da kadmiyom a shafensu a da, dokokin kare muhalli suka sa aka cire shi, launinsu ya rage. Kodak ta daina yin takardar baƙi da fari a 2005, masana'antar Forte ta ƙasar Hangari mai yin Polywarmtone ta rufe a 2007. Amma abin da ya rage ya isa aiki.

Idan kin samu takardar da ta dace, ki fara da haɗin da kika san abin da ke cikinsa. Ga D-72 na Kodak, ɗan'uwan Dektol na kusa:

Ruwa mai zafin digiri 50: mililita 500
Metol: giram 3
Sodiyom salfait busasshe: giram 45
Haidurokinon: giram 12
Sodiyom kabonet mai ruwa ɗaya (wato monohydrate, ba busasshe ba): giram 80
Fotasiyom buromaid: giram 2
Ruwan sanyi a cika zuwa lita 1

A bi jerin yadda yake, kowane ya narke tukuna kafin a zuba na gaba. Dabara ɗaya: ki jefa ɗan tsunkule na salfait a ruwan kafin Metol, don ya cinye iskar da ke ciki, amma kada ki zuba duka, domin Metol ba ya son narkewa a ruwan da salfait ya yi yawa. A yadda aka saba, ana tsarma shi kashi 1 da ruwa kashi 2, a wanke takarda mai zare, wato wadda ba ta da rufin roba, minti 2 zuwa 3 a digiri 20.

Don ruwan ƙasa, abu uku za ki yi tare, ba ɗaya ba. Ki tsarma shi kashi 1 da ruwa kashi 4. Ki haɗa ruwan buromaid mai kashi 10 cikin 100, wato giram 10 a narkar a cika zuwa mililita 100, ta yadda kowane mililita 10 giram ɗaya ke nan; ki ja mililita 10 da sirinji ki zuba a litar da ke tire, ki yi gwaji, ki ƙara wasu 10, har zuwa 30 ko 40. Sannan ki ƙara lokacin haske a inlaja, domin buromaid yana rage saurin takarda. Ki fara da ƙarin kwata, yankin gwaji zai nuna miki sauran. Hikimar ita ce haske mai yawa yana yi wa ƙwayoyi da yawa alama, wanki mai sanyin jiki kuma yana barin kowace ƙarama.

Wurin da ake zamewa shi ne cire takarda da wuri. Mutum ya ga ruwan ƙasa ya bayyana a minti ɗaya, ya yi maza ya fizge. Abin da zai samu shi ne inuwa maras zurfi, dabbare-dabbare a wuri mai faɗi kamar sararin sama ko bango, da launin kore-kore mai kama da laka. Ki duba agogo daga lokacin da takarda ta shiga zuwa lokacin da tsaka-tsakin hoton ya fara bayyana, ki ninka sau 5 ko 6, wannan shi ne cikakken lokacin wanki. Idan ya bayyana a daƙiƙa 35, wanki zai kai minti 3 zuwa uku da rabi. Buromaid ma idan ya wuce kima kore yake jawowa, ba ja ba.

Idan kina iya samun Glycin, gwada Ansco 130: Metol giram 2.2, salfait 50, haidurokinon 11, kabonet mai ruwa ɗaya 78, buromaid 5.5, Glycin 11, a tsarma 1 da 1. A ganinmu ya fi D-72 da aka yi wa kwaskwarima kyau a hoton fuska, domin inuwarsa tana da zurfi kuma fata tana fitowa da laushi, ga shi yana daɗewa a tire. Sai dai garin Glycin ba ya ajiyuwa. In ya koma ruwan makuba ya mutu. Kuma ba shi ne gilaisin da ake sayarwa a kantin magani domin ƙarin abinci ba, wancan ba ya wanke komai.

Tambaya: Ni akasin haka nake so: baƙi mai shuɗi-shuɗi don hotunan gine-gine da ƙarafa. — Mai karatu daga Abuja

Amsa: Ka nemi takardar buromaid mai farin gindi tas, kamar Multigrade FB Cooltone, ka wanke da dibelofa mai ƙarfi, D-72 a 1 da 1, minti 3 cur. Sannan ka narkar da giram 1 na benzotirayazol a mililita 100 na ruwan zafi (a ruwan sanyi yana da taurin kai), ka riƙa ƙara mililita 5 a lita, kana gwaji, har zuwa 20. Shi ma yana rage saurin takarda, amma maimakon ruwan ƙasa shuɗi yake jawowa. Idan kai ke haɗa naka, rage buromaid ɗin ya fi ƙara benzotirayazol a kansa.

Za ka ji ana zuga Amidol, wanda Edward Weston na Amurka ya yi suna da shi, har faratansa suka rine baƙi. Gaskiya ne yana ba da baƙi mai zurfi a takardar kuloraid, kuma yana aiki da salfait kaɗai ba kabonet. Amma guba ne, yana ɓata duk abin da ya taɓa, kuma sa'o'i kaɗan yake yi ya mutu bayan an haɗa. A takardun inlaja na yau ribar ba ta kai wahalar ba.

Tambaya: Malamai, a nan garinmu ruwan tanki a watan Afrilu yana haura digiri 30. Hotuna suna fitowa cikin daƙiƙa kaɗan, farin ya dushe. Da hunturu kuma haɗin nan dai yana ba ni hoto maras ƙarfi, mai launin ƙasa-ƙasa. Shin maganin ne ya lalace? — Mai hoto daga Sakkwato

Amsa: Lafiyar maganinka lau, Malam. Ma'aunin zafi ne ba ka sa a tire ba. Lokutan da ke jikin kwali duk an auna su ne a digiri 20, kuma sinadarai biyun da ke aikin ba sa amsa zafi da sanyi iri ɗaya. Metol yana ci gaba da aiki ko da sanyi, shi ne mai fito da hoto da wuri amma a tausashe. Haidurokinon, wanda ke gina baƙi mai zurfi, yana yin kasala sosai in ruwa ya sauka wajen digiri 13. Da sassafen hunturu, ruwan da ya kwana a waje yana iya kusantar hakan. A Jos ma ya wuce. Sai ya zama Metol ne kaɗai a fili, ƙwayoyi ba su cika girma ba, ga hotonka maras ƙarfi mai launin ƙasa-ƙasa. Maganinsa sauƙi ne: ka ɗora tiren dibelofa cikin wani babban tire mai ruwan ɗumi har ya kai 20.

Da bazara kuwa haidurokinon ne ke cin karensa babu babbaka. Wanki yana gudu, launi ya koma baƙi tsantsa ko da takardarka mai ruwan ƙasa ce, dibelofa ya fara taɓa ƙwayoyin da haske bai taɓa ba, shi ne hazon da ya dusashe maka fari. Jelatin ma yana kumbura ya yi laushi, gefen takarda mai zare ya fara ɓarewa, hantsaki ya bar tabo. Babban tiren nan dai za ka koma wa, amma da ƙanƙara a ɗaure cikin leda. Kada ka jefa ƙanƙarar cikin dibelofa kai tsaye, za ta tsarma shi. Ko ka samu 22 zuwa 24 ya yi, in dai ka riƙe shi nan daga farkon aiki zuwa ƙarshe. Tsayuwar zafin wuri guda ta fi kai shi 20 daidai muhimmanci. Ruwan tsayarwa (mai dakatar da aikin dibelofa) da fiksa (mai cire sauran azurfar da haske bai taɓa ba) da na ɗauraya su ma kada su yi nisa da shi da fiye da digiri uku ko huɗu. Ranar da ba ƙanƙara, ka ƙara tsarmawa zuwa 1 da 3, ka zuba mililita 5 zuwa 10 na ruwan benzotirayazol ɗin da muka koya wa mai karatu na Abuja don hazo, ka yi aiki bayan sallar asuba.

Kafin ka ɗora wa zafi duka laifin, gwada jar fitilarka. Ka ba takarda ɗan haske a inlaja wanda zai ba da toka mai haske, ka ajiye ta inda kake aiki da kwabo a kai minti 5, ka wanke. In da'irar kwabon ta fito, fitilar tana da hannu.

Tambaya: Sodiyom kabonet yana wuyar samu a wajenmu. Wani ya ce kanwa ma ita ce. Zan iya sa ta? Kuma ruwan burtsatse yana sa haɗin ya yi fari kamar nono. — Mai karatu daga Damagaram

Amsa: Mutumin bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi duka ba. Kanwa tana ɗauke da sodiyom kabonet, amma a cakuɗe da baikabonet, da gishiri, da salfet, da yashi da laka, kuma rabon ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan. Za ta iya fito da hoto. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta fito da launi iri ɗaya sau biyu. Baikabonet yana rage kaifin ruwan, gishiri yana rage gudun wanki, dukansu suna jan hoto zuwa ruwan ƙasa maras tsabta, kai kuma ba ka san nawa ka zuba ba.

Ga hanya mafi tabbas. Ka sayi bakin soda na masu yin kek, wanda tsantsar baikabonet ne (ban da bakin foda, wannan haɗi ne daban). Ka shimfiɗa shi a busasshen faranti na ƙarfe, ka gasa a obin a digiri 200 na awa ɗaya, kana motsawa. Ruwa da iska za su fita, ya koma busasshen sodiyom kabonet. Nauyinsa zai ragu zuwa wajen kashi 63 cikin 100, kuma wannan ce shaidarka: giram 108 ya kamata ya dawo wajen 68. In sikeli ya nuna fiye da haka, mai da shi wuta. Wannan 68 ɗin kuwa shi ne madadin giram 80 na mai ruwa ɗaya da ke cikin D-72. A lura da wannan lissafi, domin wanda ya zuba 80 na busasshe ya ƙara wa haɗinsa ƙarfi bai sani ba, sai ya yi ta mamakin inda ruwan ƙasarsa ya tafi. A adana shi a kwalba mai murfi, yana jan danshi.

Farin da kake gani kalsiyom ne na ruwan burtsatse da ya haɗu da kabonet da salfait. Ba ya canza launi sosai, amma yana kwantawa a fuskar hoto ya bar dusa-dusa bayan bushewa. Ka haɗa asalin maganin da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, ko ka narkar da giram 1 zuwa 2 na Calgon irin na masu hoto a ruwan kafin komai ya shiga.

Tambaya: Hotunan da na fara wankewa da safe baƙi ne mai kyau. Na yamma, daga tire guda, sun zama kore-kore, wasu har da rawaya a gefe. Masu biki kuma suna son duka su zo iri ɗaya. — Mai situdiyo daga Kano

Amsa: Alhaji, dibelofan da ke tirenka da yamma ba shi ne na safe ba. Kowace takarda da ta shiga tana sakin buromaid da kuloraid daga shafenta zuwa cikin ruwan, tana kuma cinye wani abu na Metol da haidurokinon. Iska tana cin nata rabon ta saman tire, da zafi kuma ta fi ci. Wato da hannunka kake yin abin da muka koya wa ɗalibar Zariya, amma ba da awo ba, kuma da maganin da ya gaji. Litar Dektol da aka tsarma 1 da 2 tana ɗaukar wajen takarda 30 masu inci 8 da 10. Ka ƙirga, ko ka lura da lokacin bayyana: in ya ninka na safe, ko ruwan ya koma launin shayi, zubar. Tsakanin aiki da aiki ka shimfiɗa leda a kan ruwan ta taɓa shi. Don aikin biki, gwamma ka haɗa lita biyu ka raba, ka canza a tsakiya, da ka tsawaita lokaci kana fata.

Rawayar gefe tana da uwa biyu. Ta farko gajiyayyen dibelofa ne da aka bar takarda ta daɗe a ciki, ko aka riƙa ɗaga ta sama ana kallo, iska ta ƙona maganin a jikinta. Ta biyu fiksa ce ta shiga dibelofa, ko dibelofa ya bi takarda ya shiga fiksa da ransa. Fiksa tana narkar da azurfa, dibelofa kuma ya sake kwantar da ita a matsayin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. In ka karkata hoton a haske za ka ga tabon yana walƙiya ja-ja ko kore-kore. Ɗigo kaɗan daga yatsa ya isa. Kowane tire da hantsakinsa, kuma hantsakin fiksa ba ya komawa baya. Kada a tsallake ruwan tsayarwa: giram 15 na sitirik asid a lita, ko farin binega mai kashi 5 cikin 100 a tsarma 1 da 2, daƙiƙa 30. Hantsaki da safar hannu suna kare ka kai ma, domin Metol yana jawo wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya barinsu in ya kama.

Tambaya: Na sa hotuna biyu a ruwan rinin seleniyom guda, lokaci guda. Ɗaya ya koma ruwan hanta, ɗayan kamar ba a taɓa shi ba. Takarda iri ɗaya ce, dibelofa ne ya bambanta. Yaya aka yi dibelofa ya bi su har can bayan an ɗauraye shi? — Mai karatu daga Kumasi

Amsa: Dibelofan ya tafi, Malam, amma ƙwayoyin da ya gina suna nan. Seleniyom yana aiki ne a saman kowace ƙwaya, yana mai da azurfa zuwa wani haɗin da ke da nasa launi. Ƙananan ƙwayoyi in aka tara su sun fi manya yawan fili, saboda haka hoton da aka wanke a ID-78 ko Ansco 130 yana kamawa da sauri ya yi nisa, wanda aka wanke da benzotirayazol kuwa baƙinsa ne kawai zai ƙara zurfi. Wanda ke shirin yin rini, tun a tiren farko ya kamata ya yanke shawara.

Wannan yana da amfani ga duk mai fama da kore-koren da buromaid ke bari. Kodak Rapid Selenium Toner ko na Ilford, a tsarma 1 da 20, minti 2 zuwa 4, yana kashe koren ya bar ruwan ƙasa mai tsabta. In ruwan hanta ake so, 1 da 5 zuwa 1 da 9. Ka ajiye jiƙaƙƙen kwafin da ba a rina ba a tiren ruwa kusa, kana kwatantawa, domin ido yana sabawa da canjin da ke tafiya a hankali, ya yaudare ka. Seleniyom yana tona asirin fiksa: hoton da bai fiksu sosai ba, ko wanda asid ya rage a jikinsa, zai yi tabo nan take. Ka fiksa a tire biyu, ka ɗauraye, ka jiƙa minti 5 a ruwan salfait giram 20 a lita, sannan rini. A yi shi inda iska ke shiga, da safar hannu, guba ne.

A rinin sefiya lamarin yana juyewa ta wata fuska: hoton da tun farko ƙwayoyinsa ƙanana ne, ko wanda aka cire da wuri, yana fitowa rawaya-rawaya maras daɗin gani. Sefiya mai zurfi tana son hoton da aka wanke cikakke a dibelofa mai ƙarfi. Mai amfani da sodiyom salfaid na rinin sefiya (ba salfait ba) kuma ya fitar da shi daga ɗakin da ake ajiye takarda, hayaƙinsa yana sa mata hazo a cikin kwali, kuma kada ya bari ya haɗu da asid.

Kafin ka yanke hukunci kan kowane launi, bar hoton ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙe ya fi haske kuma launinsa ya fi na busasshe fitowa. Ka duba shi a bakin taga da rana, sannan a ƙarƙashin irin fitilar da za a rataye shi, don ƙwan lantarki mai ja-ja yana ƙara ruwan ƙasa, farin ƙwai mai shuɗi kuma yana fito da kore. In kana gwaji, yanka takarda guda gida huɗu, ba su haske iri ɗaya daga fim guda, canza abu ɗaya tak a kowane wanki, ka rubuta a bayan kowace da fensir: sunan haɗi, tsarmawa, mililitan da aka ƙara, zafi da lokaci. Ban da biro, tawadarsa tana narkewa ta ɓata tire.